Yadda ake tattara kaska daga jikin shanu domin a gane nau'inta

Sau da yawa kaskar da masu koyo ke kaiwa ɗakin gwaji ba ta da baki, an baro shi a fatar saniya. Ita kuwa wata kaskar da bakinta ake tantance ta. Rhipicephalus decoloratus, wadda muka daɗe da ita, da Rhipicephalus microplus, baƙuwar da ta bazu a Afirka ta Yamma, kamarsu ɗaya a ido. Sai an sa bakin ƙarƙashin madubin ɗakin gwaji a ƙirga haƙora: ta farko layi 3 a kowane gefe, ta biyu layi 4. Idan bakin ya karye, an yi aikin banza.

Saboda haka a hannu aikin yake. A ɗaure dabbar ta natsu. Ka sa safar hannu, ka ɗauki matsefata mai siririn baki, ka kama kaskar can gindi, daf da fata. Kada ka kama cikinta da ya kumbura. Ka ja a miƙe, a hankali, ba murɗawa, ba fizga. Mai dogon baki irin Amblyomma takan ɗauki ɗan lokaci kafin ta saki, to ka riƙe jan haka har fata ta ɗan tashi. Kada a zuba mata kananzir ko man shanu, kada kuma a fasa ta da farce, musamman Hyalomma, domin ita ce ke ɗaukar zazzaɓin Kirimiya-Kwango da ke kama mutum.

Kada ka tsaya kan manyan matan da suka ƙoshi da jini don su ne ido ke fara gani. Jikinsu ya miƙe, alamomin sun ɓace. Namiji ya fi sauƙin ganewa. Na Amblyomma variegatum yana da ado mai ruwan lemo a baya da zobe-zobe a ƙafafu, ka neme shi a hantsa, maraina, hammata da ƙasan ƙirji, ya fi yawa a farkon damina. Wannan kaskar ce ke yaɗa cutar da ke tara ruwa a jakar zuciya, ita ce kuma ke tsananta kirci. Hyalomma baƙi-baƙi ce, ba ado a baya, tana son ƙarƙashin wutsiya, gashin jela da tsakanin kofato. Ƙananan nan masu gajeren baki, wato Rhipicephalus biyun da aka ambata, da ke kawo fitsarin jini suna wuya da kafaɗa.

Ajiya kuma a barasar itanol mai ƙarfin kashi 70 cikin 100. Idan mai kashi 96 ka samu, auna mililita 730 ka cika da ruwa mai tsabta zuwa lita 1. Kwalbar roba mai murfin murɗawa ta wadatar, ba sai mai tsada ba. Fomalin, wani ruwan sinadarin da ake ajiye sassan jiki a cikinsa, yana lalata DNA, wato sinadarin gadon halitta, ka bar shi.

Kowace dabba da kwalbarta. Rubuta ƙauye, kwanan wata, irin dabbar da gurbin da ka ciro, da fensir a guntuwar takarda, ka jefa cikin kwalbar. Barasa na wanke biro. Daga nan sai ofishin likitan dabbobi, ko Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom da ke Jihar Filato.