Yadda za ka sa a gyara wurin da ke cin rayuka a babbar hanya

Kowace babbar hanya tana da wurin da ya yi ƙaurin suna: wata kwana, wata gangara, ko bakin wata gada. In an yi hatsari sai a ce gangancin direba ne, a janye mota, a share gilasai. Ni da aikina ya sa nake yawan duba irin waɗannan wurare, wannan hukunci bai taɓa gamsar da ni ba. Direbobi daban-daban, motoci daban-daban, amma kullum wuri ɗaya? To hanyar ma tana da hannu. A rahotonta na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya duk shekara, kuma babu abin da ya fi hatsarin hanya kashe masu shekara 5 zuwa 29.

Fara da zuwa wurin da ƙafarka. Ajiye mota nesa, sa riga mai ɗaukar ido, ka riƙa fuskantar motocin da ke tahowa. Je da rana, ka koma da dare, ka sake komawa bayan ruwan sama. Ƙasa za ka fi kallo. In ka ga baƙin zanen birki kafin itacen da ake yawan karo da shi, direba ya ga kwanar amma a makare. In babu zane ko kaɗan, mai yiwuwa gyangyaɗi ne, ko kuma bai ma san akwai kwana ba. Sai ka tsuguna a bakin kwalta ka sa hannu. Sau da yawa ruwa ya zaizaye kafaɗar titi, wato ƙasar da ke gefen kwalta, har kwaltar ta yi tudu kamar faɗin yatsu huɗu. Taya ɗaya na faɗawa nan, direba ya firgita ya fizgi sitiyari, motar ta hayo da ƙarfi ta tsallaka hannun masu tahowa. Rahoto zai ce taho-mu-gama aka yi, alhali a wannan ɗan tudun abin ya faro.

Daga nan ka tara bayani: rana, lokaci, yanayin sama, inda motar ta dosa, da abin da ta daka. 'Yan sanda da asibiti suna da nasu, amma mazauna bakin hanya da masu janwe sun fi kowa sanin ƙananan hatsarin da ba a rubutawa. Ɗauki hoton hanya da ɓaraguzai. Gawa da masu rauni kuwa, ka bar su da mutuncinsu.

Yanzu ka ga irin hatsarin da ya fi maimaituwa, domin shi zai faɗa maka abin da za ka nema.

In motoci ne ke sauka daga titi, ka tuna mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Direba ba shi da lokacin gyara kuskure, sai dai gefen hanya ya yi masa afuwa. Shi ya sa a Amurka aka daɗe da ƙa'idar barin fili kamar mita 9 a gefen manyan hanyoyi, babu itace, babu turken wuta, babu bakin kwalbati a tsaye. Abin da ba ya ciruwa, a kare shi da shingen ƙarfe. Akwai kuma tsage-tsagen da ake yi a bakin kwalta, wanda taya na hawa sai motar ta ɗauki ƙugi da karkarwa ta tada mai barci. Ba shi da tsada, kuma ni shi nake fara nema.

In taho-mu-gama ne wajen wuce mota, a raba hannun biyu da shinge. Suwidin ta ɗauki manufar kawar da mutuwa a hanya baki ɗaya a 1997, ta kuma yawaita hanyoyi masu layi uku da shingen waya a tsakiya, layin wucewa yana komawa wannan hannu, can gaba ya koma wancan. Kowa yana samun damarsa ba tare da ya leƙa layin wani ba. A mararraba kuwa shataletale ne magani: mahaɗa mai hannu huɗu tana da wurare 32 da motoci za su iya haɗuwa, shataletale 8 kawai, kuma dole kowa ya rage gudu.

Inda hanya ta ratsa gari ana buge masu tafiya a ƙasa, mutane gadar sama suke fara roƙo. Ina da ja a nan. Tsoho da mai ɗauke da kaya ba sa hawa matakala, ƙarƙashinta za su bi. Gara tudun rage gudu mai fenti, fitila, da tsibiri a tsakiyar titi inda mai tsallaka zai tsaya, a sauko da gudu zuwa kilomita 30. Allon gargaɗi shi kaɗai kada ka yarda a sallame ka da shi.

Sai ka rubuta takardar koke, kada ta wuce shafi ɗaya. Bincika hukumar da hanyar ke hannunta, ka faɗi wurin daidai da lambar kilomita, ka haɗa jadawalin hatsarin da hotuna, sannan ka nemi abu biyu: na gaggawa kamar cike kafaɗa da fenti, da babba kamar shinge. In kana son ƙarin ƙarfi, nemi a auna hanyar da ma'aunin iRAP, shirin duniya na auna amincin hanyoyi, mai ba hanya tauraro 1 zuwa 5. Ka samu sa hannun direbobi da mazauna wurin, kuma kada ka fito ofis sai an buga maka hatimin karɓa a kwafinka.

In an zo an kafa shingen, je ka duba bakinsa. Ƙarfen da aka bari tsirara yana fuskantar motoci yakan huda mota ya shige har kujera, don haka dole a sa masa kan da ke lanƙwashewa in an daka shi. Duba ƙusoshi ma, ko an ɗaure su duka. Duk ranar da mota ta murƙushe wani sashe, sake rubutawa a canza shi, ka maƙala kwafin takardar farko mai hatimi.