Kafin ka shiga zikiri mai zurfi, ga yadda za ka fara da abin da za ka yi in jiki ya fara ba ka mamaki

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yanzu a garin nan namu na Sakkwato matasa da yawa sun dawo ma zaman zikiri da tafakkuri, wasu ta hanyar ɗariƙa, wasu azkar ɗin safe da marece sunka riƙe sunka ƙara mishi natsuwa, wasu kuma a YouTube sunka ga irin zaman nan na lura da numfashi da likitocin ƙwaƙwalwa ke koyarwa. Duk wanda ka ɗauka ba ni da ja, ba gardamar aƙida ta kawo ni ba. Abin da ke damuna shi ne ana nuna ma mutane ƙofar shiga amma ba a gaya musu abin da za su tarar a makonnin farko, sai mutum ya ji jiri, ko kuka ya zo mishi ba dalili, ko barci ya ƙaurace mishi, daga nan ɗaya cikin biyu, ko a ce aljanu sun shige shi ko a ce buɗi ya samu ya ƙara ƙaimi, kuma wallahi sau tari duk biyun ba su ba ne, jiki ne da ƙwaƙwalwa ke amsa wani abu da ba su saba da shi ba.

Mu fara da lokaci. Bayan sallar asuba ya fi, musamman daga watan Maris zuwa Mayu da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, don in ka ce da azahar za ka zauna cikin ɗakin kwano ka rufe ƙofa to zufa da ƙishirwa kaɗai sun isa su sa ka juwa tun ba ka je ko'ina ba. Ka sha ruwa kafin ka zauna. Kada ka zauna da ciki cike da tuwo, kada kuma ka zauna da yunwa mai tsanani. Wuri ɗaya za ka zaɓa, darduma ko buzu ko tabarma, inda iska ke shiga, ka kashe waya gaba ɗaya. Ke kuma uwar gida da yara ba su bari ki huta, ko minti 10 kafin su tashi sun isa, kada ki ce sai kin samu awa guda.

Zama kuwa, ka sa matashi ko ka naɗe bargo ƙarƙashinka yadda ƙugu zai ɗan fi gwiwa tudu, baya a miƙe amma ba a sandare ba. Mai ciwon gwiwa ya hau kujera, ba wanda ya ce sai a ƙasa ake samun natsuwa. Sai ka riƙe abu guda, in hailala ce hailala, in istigfari ne istigfari, in numfashi kake bi to numfashi. Harshe a hankali, zuciya tana jin ma'anar abin da harshe ke faɗi. Tasbaha tana taimakawa amma in ka ga ido shina kan ƙidaya, kana gudu don ka cika ƙafa dubu, to ka rage adadi ka ƙara natsuwa. Hankali zai gudu, tabbas zai gudu, zai tafi bashin da ake binka da kuɗin makarantar yara da maganar da wani ya gaya maka jiya a majalisa, kai dai ka dawo da shi ba tare da zagin kai ba, wanga dawowar da kake yi ita ce aikin.

Minti 10 zuwa 15 a rana ya isa ma mai farawa, ka yi mako biyu ko uku a haka kafin ka ƙara minti 5. Na san wani zai raina, amma ka duba lazimin Tijjaniyya, istigfari 100, salati 100, hailala 100, safe da marece, ba wani abu ba ne da zai hana ka kasuwa ko barci. Kuma hadisin Nana A'isha shina nan cikin Bukhari da Muslim cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda anka dawwama a kai ko da kaɗan ne. Akwai ma ranar da Manzon Allah (SAW) ya shiga masallaci ya ga igiya an ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu, anka ce ta Zainab ce, in ta gaji da tsayuwar dare sai ta riƙe ta, ya ce a kwance ta, mutum ya yi salla gwargwadon nishaɗinshi, in ya gaji ya zauna.

Sai maganar jagora. Don Allah ka nemi malami ko muƙaddami da ka san shi ido da ido, wanda za ka iya zuwa zaurenshi ka ce malam ga abin da nake ji. Shehu Usmanu da kanshi ya zauna gaban malamai irin su Malam Jibrilu ɗan Umaru, kuma duk riƙonshi da Ƙadiriyya bai bar karantarwa da yawon wa'azi Kabi da Zamfara ba, yana cikin jama'a. To kai da ka samu laƙani a gurup ɗin WhatsApp an ce ka ja suna kaza ƙafa dubu kaza tsakar dare kwana 40 ba ka magana da kowa, wa zai tsaya maka in abu ya rikice? Halwa ba ta mai farawa ba ce.

To yanzu abin da za ka iya tararwa. Na farko surutun zuciya zai ƙaru, har ka ce ai kafin ka fara ka fi samun kwanciyar hankali. Ba ƙaruwa ya yi ba, awa dai dare ne da janaretan maƙwabci ya mutu sai ka fara jin kukan sauro, da ma suna ɗakin. Wanga shina raguwa da kanshi in ka ci gaba a hankali. Na biyu gyangyaɗi, kuma mafi yawanmu bashin barci ne ke kanmu, mu kai ƙarfe ɗaya muna latsa waya mu tashi asuba. Ka buɗe ido, ka miƙe tsaye ka yi zikirin kana tafiya tsakar gida, in abin ya ƙi ka je ka kwanta, hadisi ma ya ce wanda gyangyaɗi ya kama cikin salla ya kwanta har barcin ya sake shi.

Jiri da motsi-motsi a yatsu da leɓe, wani lokaci har hannu ya ƙage, wagga ita ta fi tsorata mutane kuma ita ta fi sauƙin bayani. In kana jan numfashi da ƙarfi da sauri, kamar yadda ake yi a zikirin da anka haɗa da ƙirji, ko kai ka ga bidiyo kana kwaikwayo, iskar kabon dayoksaid, wadda muke fitarwa da numfashi, tana raguwa cikin jini, jijiyoyin jinin kai su ɗan tsuke, sai kai ya yi sakayau yatsu su kama zuga. Maganin ka sassauta, ka ja ta hanci a hankali, fitarwa ta fi shaƙa tsawo, cikin 'yan mintuna zai wuce. In ka gama kuma kada ka zabura ka miƙe, jini shina taruwa a ƙafafu, ido ya rufe ka faɗi, musamman mai shan maganin hawan jini ko mai azumi. Ka miƙe ƙafa tukuna ka murza ta. Ƙafa ta sage ba komi in ta dawo da ka motsa, amma akwai jijiya da ta bi ta gefen gwiwa ta waje, in ana danne ta da tanƙwashe ƙafa na tsawon lokaci tana iya sa mutum ya kasa ɗaga tafin ƙafa, don haka in ta sage ka sauya zama, ba rashin ladabi ba ne.

Sai kuka da ƙuncin ƙirji da tuna abubuwan da sunka wuce. Nan nake son in daɗe kaɗan. Masu tasawwufi tun da can sun san ƙabdu da basɗu, wato ƙuncin zuciya da buɗewarta, yau zuciya ta buɗe kana jin daɗi kamar mi, gobe ta ƙulle ka rasa ɗanɗanon komi, kuma ba su ɗauki ƙuncin a matsayin alamar an kore ka ba. Hawaye su zubo ka bar su, ka gama ka wanke fuska ka karya kumallo ka fita nema. Amma akwai wanda abin da ke taso mishi ba ƙaramin abu ba ne. Muna da 'yan'uwa da sunka baro Sabon Birni da Isa da Rabah saboda 'yan bindiga, sun ga abin da ido bai kamata ya gani ba, irin wanga bawan Allah in ya rufe ido cikin duhu da shiru abin na iya dawo mishi kamar yanzu ake yi, gaba na faɗuwa jiki na rawa. Ɗan'uwa in kai ne, kada ka rufe ido, ka kalli wuri guda a darduma, ka yi zikirin da murya, da rana, kusa da mutane, minti 5 ma ya isa. In ya taso ka dafa ƙasa da tafin hannu, ka duba ɗakin ka ambaci abin da kake gani ɗaya bayan ɗaya, ga buta ga ƙofa ga takalmi, har ka ji ka dawo inda kake. Kuma ka samu wanda za ka gaya ma, kada ka haɗiye.

Su ma Turawa da sunka daɗe suna tallar wanga zama a matsayin maganin komi sun dawo sun yarda shina da nashi wahalhalu. A 2017 wata mai bincike a jami'ar Brown ta Amurka, Willoughby Britton, da abokan aikinta sun fitar da hirar da sunka yi da mabiya addinin Buda 60 masu irin wanga zama, sunka lissafa nau'in abubuwa 59 da ke faruwa da mutane, har da tsoro da rashin barci da ganin haske da jin kamar jikinka ba naka ba ne. Wani nazari na 2020 da ya tattara bincike 83 ya samu kusan mutum 8 cikin 100 sun gamu da wata matsala, mafi yawa fargaba da baƙin ciki. Hanyarsu daban da tamu amma jikin ɗan Adam ɗaya ne. Shi ya sa in ka ga haske ko ka ji ƙamshi ko ka yi mafarki mai ƙarfi kada ka yi saurin hawa Facebook ka ce an buɗe maka, ka kai ma malaminka ka ci gaba da aikinka.

Abin da ba na wasa da shi shi ne barci. Akwai wani yaro tela da na sani can wajen Mabera, mai hankali ƙwarai, ya samu wani adadi a waya ya shiga ja daga isha'i har asuba, shina taunar goro shina kurɓar shayi mai kauri don kada ido ya rufe, da rana kuma shina kan keken ɗinki. Da farko kowa na yaba mishi, baya-baya sai ya fara magana ba tsayawa, ya raba kayan mutane da anka kawo ɗinki sadaka, ya ce shi an ɗauke mishi barci. Mahaifiyarshi ce ta tsaya kai da fata sai an kai shi asibiti, ana mishi addu'a ana ba shi magani, alhamdulillahi ya dawo shago. Rashin barci na kwanaki shi kaɗai na iya tayar da irin wanga ciwo ga wanda ke da shi a ɓoye. Annabi (SAW) ya ce ma Abdullahi ɗan Amru jikinka na da haƙƙi a kanka, idonka na da haƙƙi a kanka, iyalinka na da haƙƙi a kanka.

Don haka in ka kwana biyu uku ba barci kuma ba ka jin gajiya, ko kana jin murya tana ba ka umarni, ko ka fara zargin mutanen gida suna ƙulla maka wani abu, ko ka daina ci da wanka da zuwa aiki, ko tunanin halaka kanka ya fara zo maka, to ka tsayar da zaman nan take, ka riƙe farillanka kawai, ka gaya ma wani babba a gida ku tafi asibiti. Ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya nan Kware, ga asibitin koyarwa na Danfodiyo cikin gari. Addu'a ba ta hana magani. Wanda kuma da ma shina shan maganin ƙwaƙwalwa ko na farfaɗiya, ko ya bar tiramol da kodin bai daɗe ba, ya yi shawara da likita kafin ya tsawaita zama, kuma kada ya aje maganinshi don ya ji zikiri ya sa mishi sauƙi.

In abin bai kai nan ba, ɗan fargaba ne ko barci ya ɗan rikice, ka raba lokacin zaman biyu ka ɗauki rabi, ka maido shi safe maimakon dare, ka bar shayi da goro daga la'asar, ka yi sallolinka cikin jam'i, ka ci abinci mai nauyi tare da iyali, ka taka da ƙafa da marece. Ka ba shi mako guda a haka. Barci ya daidaita, cin abinci ya dawo, sannan ka ƙara minti 5, in ya sake rikicewa ka koma inda kake da farko ka je ka samu malaminka ka gaya mishi duk yadda abin yake.