Kafin ka goge tsohuwar bindiga mai baki biyu

'Yan uwa, wanda ya gaji tsohuwar bindigar farauta mai baki biyu, musamman ƙirar Birmingham ta Ingila, don Allah kada ya yi gaggawar kai mata sanfefa. Fara cire bututun biyu, ka rataye su da igiya, ka ɗan ƙwanƙwasa da katako. Idan suka yi ƙara kamar ƙararrawa, lafiya. Idan ka ji "ƙwaf", dalmar da ta haɗa su ta saki, kuma tsatsa na cin ƙarfen ta ciki inda ido ba ya gani.

Saboda dalmar nan ce ba a tsoma su a tafasasshen ruwan sinadarin baƙanta ƙarfe, cinye ta yake yi. In za a baƙanta su, sai dai a sa musu tsatsa kaɗan-kaɗan, a tafasa a ruwa zalla, a goge, a maimaita. Yana cin kwanaki, amma baƙin yana daɗewa.

Abin da ya fi damuna shi ne harsashi. Yawancin waɗannan tsofaffin bindigogi zurfin ramin harsashinsu milimita 65 ne, harsashin zamani kuwa galibi tsawonsa 70. Zai shiga, amma kada ka harba! In kuma ƙarfen na da zane kamar igiyar ruwa, galibi na baƙin albarushi ne irin na da, ba na harsashin zamani ba, sai gwani ya auna kaurinsa tukuna.