Shawara ga masu son fara noman rama

'Yan uwa manoma na Tawa, abin da ke jawo mutane ga rama shi ne amfani biyu a shuka ɗaya: ganyenta na kwaɗo da miya, ɓawon karanta kuma na tufkar igiya. Wanda igiya yake nufi, ya shuka ta a matse domin ta miƙe ba reshe, ya yanke ta idan ta fara fure, sannan ya jiƙa karan a ruwa har ɓawon ya saki. Bara na makara wajen yanka, zaren ya yi mini gautsi. Kafin ku sayi iri, ku tuntuɓi malamin gona na yankinku ko INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar.