Gyaran layi da yawa a lokaci ɗaya a manhajar rubuta kod ta VS Code

Salam 'yan uwa masu rubuta kod. Har yanzu ina ganin wasunmu suna bin layi ɗaya bayan ɗaya suna gyara abu iri ɗaya, wallahi wahala ce kawai. Kosa, wato ɗan layin nan mai ƙiftawa inda kake rubutu, za ka iya ajiye shi a wurare da yawa lokaci guda.

Ka danne Alt ka riƙa latsa maus duk inda kake so, abin da ka rubuta zai fito a duka wuraren. Amma wanda na fi so shi ne Ctrl+D, ka zaɓi kalma ka danna shi sai ya kamo ta gaba irinta, ka sake dannawa ya ƙaro wata, in ya kamo wadda ba ka so sai Ctrl+U ya dawo da kai baya. Ctrl+Shift+L kuma gaba ɗaya yake kwasowa a fayil ɗin, to nan a yi hattara don har na cikin wasu kalmomin yana iya haɗawa. Esc ke fitar da kai.

Masu Mac ku sa Option a maimakon Alt, Cmd kuma a maimakon Ctrl. In sunan bariyabul, wato ma'ajiyar bayani a cikin kod, za ka canza kuwa, F2 ya fi aminci.