Yadda ake ɗaura silin a ƙarƙashin rufin kwano

Kafin a sayi ko allo ɗaya, a fara duba kwanon. Idan da hali a bari ruwa mai ƙarfi ya sauka a kansa, sannan a hau a nemi inda ya jiƙe, musamman bakin kusoshi da inda kwano biyu suka haɗu. Yawancin tabo mai launin ruwan ƙasa da ake gani a silin ba laifin silin ba ne, yoyon sama ne da aka rufe ba a toshe ba.

Sai awo. A ɗaki mai rufin kwano, kada silin ya yi ƙasa da ƙafa 9 daga daɓe. Ƙafa 10 ta fi a garuruwa masu zafi irin Sakkwato da Maiduguri. A ɗauki lebur, wato ma'aunin daidaito, da siririn tiyo mai ruwa, a yi alama a kusurwa huɗu, a ja layi da zare. Kada a auna daga daɓe kawai, don daɓen kansa sau da yawa ba daidai yake ba.

Aikin gaske yana wajen katako. Ana amfani da tubaitu, wato mai inci 2 ta kowane gefe, a jera shi tazarar ƙafa 2 tsaye da kwance. Ɗaki mai ƙafa 12 a 12 zai ci tubaitu 14 masu tsawon ƙafa 12, a ƙara 3 ko 4 na ratayewa daga katakon rufi. Katakon ya zama busasshe. Ɗanye yana nan lafiya lau ranar aiki, amma da hunturu ya shigo sai ya tsotse ya murɗe, silin ya tsage ta mahaɗa ko ya yi ciki. A shafe shi da maganin gara ko'ina, har bakin da aka yanka da zarto, wanda kafintoci kan manta. Mai halin sayen firam na ƙarfe mara tsatsa ya huta da zancen gara baki ɗaya.

Mai wayarin ya gama nasa kafin a rufe, wayoyi duka cikin bututu. Fanka kuwa ƙugiyarta a jikin katako mai kauri ko rodi ake ɗaurewa, silin ba ya ɗaukar nauyinta.

Wane kaya za a sa? PVC, wato silin na roba, ya fi sauri, ba ya tsoron danshi, shi ya sa ya dace da banɗaki da baranda. Mai faɗin santimita 25, ɗakin nan mai ƙafa 12 a 12 zai ci layi 15. Amma mai arha siriri yakan lanƙwashe da zafin kwano, kuma in gobara ta tashi narkewa yake da hayaƙi mai guba, don haka ba a son sa kusa da murhu. Allon jifsam, wato allon farar filasta da aka lulluɓe da takarda, ƙafa 4 ne a 8, guda 5 sun isa ɗakin; shi yana son tazarar katako ta ragu zuwa santimita 40, a sa tef a mahaɗa kafin a shafe, in ba haka ba layin tsagewa zai fito.

POP, wato farin garin filasta da ake kwaɓawa a yi allunan silin da shi, ya fi kowa kyau, ya kuma fi kowa nauyi da rashin jure ruwa. A kwaɓa kaɗan kaɗan, a zuba garin cikin ruwa ba ruwa cikin gari ba, don cikin 'yan mintuna yake kamawa. Wanda ya fara daskarewa a zubar. Ƙara masa ruwa yana kashe ƙarfinsa. Kowane allo a ɗaure shi da katako da filas, wato zare mai kama da na rama, da aka tsoma a kwaɓin. Kada a yi fenti sai ya bushe fari tas.

Tsohon silin asbesto kuma, in za a cire, a jiƙa shi, a sa takunkumi mai kyau, kada a fasa ko a yanka, ƙurarsa tana lalata huhu.

A bar ƙofar hawa sama mai ƙafa 2 a 2 a lungu ko kwarido, a kuma buɗe ramukan iska a saman bango, a rufe su da raga saboda jemagu da ɓeraye.