Tanadin shekara: yadda nake cika ɗakin ajiyata a Marwa, arewacin Kamaru

Ƙanwata da kika zaɓi zaman gidanki, za ki ji ana cewa “ai wance ba ta aikin komai.” Maganar tana ci mini rai, domin wanda ya faɗe ta bai san abin da ke hana gida neman bashi a watan Agusta ba. Ban raina mai fita ofis ko kasuwa ba, kowa da inda Allah ya ajiye shi. Amma ke da kike gida kina da lokacin da za ki tsare shanya daga safe har la’asar, kuma da shi ake yin tanadi.

Fara da zama da maigida. Ki roƙe shi ya riƙa ba ki kuɗin wasu kaya a dunƙule lokacin da suke araha, maimakon cefanen kullum. Ki nuna masa lissafi a takarda. Namiji ya fi saurin yarda idan ya ga farashin kaka kusa da na damina.

Daga nan ki bi kalandar kasuwa. Kuɓewa, yakuwa da ganyen kuka, ƙarshen damina ake kama su. Wake da gyaɗa sai Oktoba zuwa Nuwamba. Tumatir yana zubewa a lokacin sanyi. Masakwa, wato dawar rani, ana girbe ta wajen Fabrairu, albasar Marwa kuma tana cika kasuwa kafin zafi ya tsananta. Ranar Litinin nake zuwa babbar kasuwa, da sassafe, kafin ’yan sari su kwashe mai kyau.

Ganye a inuwa ake shanya shi, inda iska ke ratsawa. Rana tana cinye korensa, miyar ta fito ja-ja ba armashi. Kuɓewa da tumatir kuwa rana suke so. Ki yanka su sirara, ki baza a tabarma mai tsabta a kan rumfa, nesa da kaji, ki lulluɓe da tsohon gidan sauro saboda ƙuda da ƙurar hunturu. Kauɗa ba ta bushe ba sai kin karya ta kin ji ƙas. Idan tana lanƙwashewa, ki ƙara mata kwana, in ba haka ba za ta yi fumfuna a cikin kwalba.

Wake ne ya fi ba mata wahala, don haka zan daɗe a kansa. Ƙwaron da ke huda shi tun daga gona yake biyo shi, yana ɓoye a cikin ƙwayar. Ki tsince, ki shanya a rana mai zafi har ya ƙi datsuwa a haƙori. Idan kaɗan ne, ki zuba a jarka mai tsabta wadda ba a taɓa sa fetur ko maganin feshi a ciki ba, ki cika ta har wuya, ki toshe murfin da leda. Iska ta ƙare, ƙwaro ya mutu. Iyayenmu toka suke tankaɗewa, mudun toka ga mudun wake, su cika tulu, kuma har yau dabarar tana aiki. Idan buhu guda ne, ki nemi buhun PICS, wato buhun ajiya mai ninki uku da ke hana iska shiga, wanda aka fara gwada dabararsa a nan yankinmu. Ki ɗaure kowane ninki daban, kada ki riƙa buɗewa kina rufewa. Ƙwayar maganin nan da ake jefawa cikin hatsi kuwa, don Allah kada ta shiga ɗakin da yara ke kwana, hayaƙinta guba ne.

Gyaɗa ki ajiye ta da ɓawonta. Duk ƙwayar da ta yi baƙi ko take ɗaci ki zubar, tana cutar da hanta. Albasa ba ta son leda. Ki baza ta a kan katako a ɗaki mai iska, kina cire ruɓaɓɓiya duk mako.

Buhunan hatsi ki ɗora su a kan itace, kada su taɓa ƙasa ko bango, domin da ruwan Yuni ya sauka danshi zai fara hawa. Ki rubuta watan da kika ajiye kowane kaya a jikin mazubinsa, ki fara cin wanda ya riga shiga.